Zazzaɓin Kwamfutar Goggo Tafireta

A layin da ke bayan kwalejin horar da malamai, idan ka wuce mai facin taya da kantin kayan rubutu, akwai wani gida mai koren ƙyaure wanda aka fasa wa ƙofa ta biyu a ɗakin gaba. Nan ne shagon Goggo Tafireta. Ba allo, ba rubutu a bango, ɗalibai ne ke nuna wa junansu hanya. Duk wanda aka ce ya kawo aikinsa a buge, kuma rubutun hannunsa ya gagari jama'a, sai a ce masa, "Kai wa Goggo, ita ko tonon kaza ka miƙa mata za ta karanta."

Gajeruwar mata ce mai tabarau da igiya a wuya, ba ta zama a karkace ko a kan tabarma. Da can Anti Tafireta ake ce mata, da furfura ta fito sai Antin ta koma Goggo ba tare da an yi shawara da ita ba. Yaran layin da aka haifa bayan injin buga takardu mai wannan suna ya ɓace daga duniya suna zaton Tafireta sunan garinsu ne.

Tana budurwa ta koyi sana'ar. Mahaifinta tela ne. Ya lura da yadda take zura zare a allura ba ta ko dubawa, ya ce waɗannan yatsun ba na zaman banza ba ne, ya kai ta wata makarantar koyon buga takardu da ke saman wani kantin magani. Malamar wajen doguwa ce marar dariya, takan rufe wa ɗalibai hannu da ƙyalle don kada su saci kallon haruffa, wadda ta leƙa kuwa sai ta ji rula a bayan hannu. Goggo ta sha rular nan har ta gode Allah, amma ta fito da abin da har yau take tinƙaho da shi: idonta na kan takardar mai aiki, bakinta na hira, yatsunta na tafiya su kaɗai.

Daga nan ta samu aiki a wata ma'aikata mai dogayen baranda. Ɗakin masu buga takardu yana can ƙarshe, mata jere reras, kowace da injinta da kwandon shara a gefen ƙafa. Idan suka kama aiki da safe, ƙarar takan yi kamar ruwan sama a kan rufin kwano. Ga warin tawada, ga takardar kabon mai baƙanta yatsu, ga farin ruwan goge kuskure da suke aron juna suna faɗa a kansa. A ɗakin nan ake sanin wanda za a ƙara wa girma tun kafin shi ya sani, amma magana ba ta tsallake bakin ƙofa. Goggo takan ce ba ta taɓa zama wurin da ya haɗa surutu da riƙe sirri kamarsa ba.

A bakin ƙofar ma'aikatar, ƙarƙashin wata bishiya, akwai wani saurayi mai gyaran agogo da ɗan akwatinsa na gilashi. Wata rana agogon hannunta ya tsaya, ta kai masa, ya gyara. Ba a jima ba agogo ya fara latti. Ta mayar, ya gyara, agogo ya koma sauri. Da abin ya ishe ta sai ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

"Malam, agogon ne ba ya jin magani, ko kai ne ba ka son ya warke?"

Ya cire gilashin da ke maƙale a idonsa ya dube ta. "In ya warke, me zai sake kawo ki?"

Kafin shekara ta zagayo aka yi aure. Malam ɗin da ta kira shi rannan shi ya bi shi har ƙarshe, shi kuma yana ce mata Sakatare, ko da yake ba ta taɓa kaiwa wannan muƙami ba. Suka haifi maza biyu da suka girma suka yi nisa wajen neman abinci, sai auta mace, wadda ta zama nas ta zauna kusa da gida.

Ana nan ana nan, aka wayi gari an shigo ma'aikata da manyan kwalaye. Kwamfuta ta zo. An tura su ɗan kwas, kuma Goggo ba ta sha wuya ba, tunda haruffan suna nan inda ta san su. Amma aikin ne ya fara ƙafewa. Sababbin ma'aikata kowa na buga takardarsa da kansa, ɗakin matan ya dinga raguwa, yau a sallami wannan, gobe a mayar da waccan wajen karɓar baƙi. Ranar da nata ya zo, ta lulluɓe injinta da rigarsa ta leda kamar kullum, ta share teburin, ta fito. Daga baya ta ji an mayar da ɗakin wurin ajiye karyayyun kujeru.

Zaman gida bai karɓe ta ba. Ba ta yi ƙorafi ba, amma yatsun sun ƙi yarda an sallame su. Tana zaune sai ka ga suna rawa a kan gwiwarta, ko a bakin faranti, ko a bayan jaririn maƙwabta idan an ba ta riƙo.

"Sakatare," in ji Malam wata rana, "wasiƙar wa kike bugawa a murfin tukunya?"

Ta janye hannun ta ce ba ta san tana yi ba. Bayan ɗan lokaci ya shigo da wata baƙar jaka ya ajiye a gabanta. Kwamfutar cinya ce ta hannu, mai nauyi kamar dutsen niƙa, kusurwa ɗaya a tsage, rabin haruffan sun goge don tsufa.

"Malam, ai ba a ganin haruffan."

"Ke da ba kya dubawa?"

Haka aka fasa ƙofa a ɗakin gaba. Shi ma a lokacin sana'arsa ta fara ja da baya, don mutane sun koma duba lokaci a waya, sai dai a kawo masa canjin batir ko maɗauri. Ya kwaso akwatinsa na gilashi daga gindin bishiya ya kafa teburinsa daga bakin ƙofa, ita kuma tana jikin taga. Daga baya aka samo firinta aka sa a tsakani.

Ba a daɗe ba suka gane halin baƙuwarsu. An ce kwamfutar cinya ce, amma duk wanda ya ɗora ta a cinya zai yi bayani. Da safe lafiya lau take, kamar mutuniyar kirki. Rana na ɗagawa sai iska mai zafi ta fara fita ta gefen hagu, har takardar da ke kusa ta nannaɗe baki. Sai fankar cikinta ta fara kuka kamar babur mai hawan tudu. Sai haruffa su fara zuwa a makare, Goggo ta gama layi tana jiran su iso.

Ranar da ta fara nuna musu iyakarsu, wata ɗaliba ce ta zo da goyo a baya da kundin kammala karatunta, wanda dole ta miƙa kafin a tashi daga ofis. Saura babin ƙarshe. Goggo ta duƙufa, fanka na kuka, ita kuma tana cewa bari dai in kai aya. Ta kusa kammalawa ke nan sai fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin. Ta danna nan, ta danna can, shiru. Ba ta adana ko layi ɗaya ba.

Ɗalibar ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka, jaririn ya taya ta. Goggo kuwa kunya ce ta rufe ta. Duk shekarunta a ma'aikata inji bai taɓa haɗiye mata aiki ba. Tafireta ko ta lalace, abin da ka buga yana nan a takarda kana kallonsa.

Malam ya taso ya taɓa ƙasan kwamfutar, ya janye hannu da sauri. "Kai! Wannan ai sai a soya ƙwai. Zazzaɓi ne ya kayar da ita, ba mutuwa ta yi ba." Ya kifa ta a buɗe kamar rumfa, ya miƙa wa Goggo kwali ya ce ta yi mata fifita. Ya jawo wa ɗalibar kujera, ya karɓi jaririn ya kanga masa agogo a kunne, yaro ya yi tsit yana zare ido. Da jikin kwamfutar ya yi sanyi aka kunna ta, ta tashi kamar ba ita ba, amma babin ya tafi.

Goggo ta gyara zaman tabarau. "'Yar nan, share hawayenki. Ɗauki takardunki ki dinga karanto min, kada ki jira ni, ni zan jira ki."

Ɗalibar na karantawa da muryar kuka, yatsun Goggo na bin ta a guje, har ya zama ita ce ke cewa, "Ci gaba mana." Aka gama, aka fitar, ɗaliba ta fita da gudu har ta manta takalmin jaririn. Ta dawo da yamma tana dariya, an karɓa. Tun daga rannan Goggo take adana aiki bayan kowane sakin layi, abin ya zame mata kamar ƙiftawar ido, kuma tun daga rannan ciwon ya samu suna. Ko ɗalibai in sun leƙo sukan tambaya, "Goggo, yaya mai zazzaɓi?"

Masu ba da magani kuwa ba su yi ƙaranci ba. Mai facin taya ya ce a kawo ya hura mata iska da injinsa. Malam ya ce ya gode, amma ba ya son ya tsinto hanjinta a tsallaken titi. Wata maƙwabciya ta ce a shimfiɗa mata jiƙaƙƙen tawul. Ita Goggo da kanta ta ɗora ta a kan matashi, wai ko taushi zai sa ta ji daɗi, sai zazzaɓin ya ninka. Malam ya juya ta ya nuna mata 'yan ramukan da ke ƙasa.

"Ta nan take numfashi. Kin toshe mata hanci kina tambayar me ya sa take haki."

Ya samo murafan kwalba ya sa mata a kusurwoyi don iska ta dinga wucewa ta ƙasa. Suka juyo da fankar tebur tana fuskantarta, fankar ta dinga kwashe takardun mutane, sai aka dinga danne su da matattun agogunan Malam. Wata rana da ya fita sayen batura, aiki ya taru, zazzaɓi ya tashi, Goggo ta duba hagu da dama ta ɗauke ta ta sa a firji. Ya dawo neman ruwan sanyi ya tarar da ita kusa da tumatir.

"Sakatare, me baiwar Allahn nan ta yi miki?"

"Ba zafi take ji ba?"

"In kin fito da ita gumi za ta yi ta ciki, ruwa ya haɗu da wuta. Yau kam an tashi aiki." Ya hana a kunna ta sai washegari, ya kuma yi mako yana tambayarta ko a sa firinta ma a tukunya.

Daga ƙarshe ya ce zai buɗe ta. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera 'yan kayan aikinsa, matsefata da buroshi da ɗan famfon roba mai hura iska, ya maƙala gilashinsa a ido. Goggo ta tsaya a kansa tana murza hannu.

"Malam, in ka kashe min ita fa?"

"Na buɗe agogon da bai kai ƙwayar idonki ba. Je ki tsaya can, numfashinki na kaɗa min hannu."

Abin da ya zaro daga bakin fankar ya ba su mamaki su duka: ƙura da zaren tufafi sun dunƙule sun zama kamar ɗan bargon ɓera. Ya share, ya hura, ya ɗiga wa fankar ɗan man agogo. Wajen rufewa noti ɗaya ya gangara ya ɓace, aka ɗaga tebur aka share ɗaki ba a gan shi ba. Sai ya ciro wani daga tsohon agogon bango ya goge shi da zarto har ya shiga daidai. Zazzaɓin ya yi sauƙi ƙwarai, amma bai rabu da ita ba. Da hantsi da kuma bayan azahar sai ta yi kukanta. Malam ya ce fankar ce ta tsufa, kuma tsufa ba a yi masa faɗa, lallashinsa ake yi.

Haka suka koyi zama da ita. Da Goggo ta ji kukan ya fara, sai ta adana aiki, ta kashe, ta jingine ta a buɗe. Malam kuma ya ɗora ruwan shayi a 'yar butar lantarki, su fito da benci bakin ƙofa inda inuwar katanga take faɗowa, su zauna jiran ta huce.

Duk tsawon aurensu ba su taɓa samun irin wannan zama ba. Da can shi ya fita da sassafe, ita ta bi bayansa, a dawo a gajiye, ga yara, ga girki, ga wanki. Sai ga shi wata tsohuwar kwamfuta ta tilasta musu zama gefe da gefe ba abin yi. A bencin nan ta ji labarin maigidansa da ya koya masa gyara, wani kurman tsoho da ke gane ciwon agogo ta hanyar ɗora shi a haƙori. A nan shi ma ya ji sirrin ma'aikata da ta riƙe shekara da shekaru, yanzu da masu sirrin duk sun yi ritaya ko sun riga mu gidan gaskiya. Sukan yi gardama a kan wanne cikin 'ya'yansu ya ɗauko taurin kan wa. Wani lokaci kuma sai su yi ta kallon masu wucewa, shi yana duba hannun kowa ko da agogo, yana girgiza kai. Ɗaliban da ke jiran aiki sukan raɓu su zauna a dakali, a ba su shayi a kofin roba, Malam ya tsare su da tambayar me ya sa mutum zai yi karatu har ya yi gemu bai iya rubuta sunansa a karantu ba.

Wata rana Goggo ta dube shi ta saman tabarau. "Malam, anya ba da gangan ka bar ta da sauran zazzaɓin nan ba?"

Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. "Wannan karon wallahi ba hannuna."

Auta ta taɓa zuwa ta tarar da su a haka, aiki jibge a ciki, ta ce za ta haɗa kai da yayyenta a sayo sabuwa. Malam da Goggo suka haɗa baki suka ce a'a. Ta dube shi, ta dube ta, ta ce, "To, Allah ya ba mai zazzaɓi lafiya," ta zauna aka zuba mata nata.

Shekaru suka tafi a haka. Hannun Malam ya fara rawa, ya daina karɓar ƙananan agogo. Sai ƙirji ya biyo baya. Bai daɗe yana jinya ba. A asibitin da Auta take aiki ya cika, wata safiya ana yayyafi, Goggo na riƙe da kofin ruwan da ya ce a ba shi.

Shagon ya jima a rufe. Ɗalibai ne suka dinga ƙwanƙwasawa, wasu gaisuwa, wasu da takardu a hammata suna jin nauyin faɗa, har ta ga gara ta buɗe. Ranar farko aiki ya tafi daidai har hantsi. Fanka ta fara kuka, ta adana, ta kashe, ta jingine, ta juya ta ce, "Malam, ɗora..." Sai ta tsaya. Akwatin gilashin yana nan, kujerarsa na nan an tura ta ƙarƙashin tebur. Ba ta fita da benci ba. Ta zauna tana kallon bango har kwamfutar ta huce.

Wannan jiran ya zame mata abin tsoro. Saboda haka ta daina tsayawa. Fanka ta yi ta kuka, ita kuma ta yi kamar ba ta ji, ta ci gaba da bugawa a kan haruffa masu zafi har sai injin ya ɗauke da kansa. Da ya ɗan sarara ta sake kunnawa. Ba a jima ba ƙasan kwamfutar ya fara tasowa, ta daina zama daram a tebur, tana tangaɗi in an taɓa ta, ga wani wari kamar na ƙonanniyar roba.

Auta ce ta lura, ranar da ta biyo daga aiki da kayan asibiti a jikinta. Ta sunkuya ta duba, ta fizge waya daga bango.

"Umma! Batirin ne ya kumbura. Wannan zai iya kamawa da wuta kina zaune a gabansa. Tun yaushe take haka?"

"Ta ɗan kwana biyu."

"Gobe za mu kai ta gyara."

"Ba mai buɗe ta bayan babanki."

Auta ta durƙusa ta dafa gwiwar uwar. "Umma, ko a buɗe ta, ko in sa kwaɗo a ƙofar nan in tafi da makulli. Na rasa Baba, ba zan zauna ina kallo ki ƙone a kan aikin 'ya'yan mutane ba."

Washegari Goggo ta naɗe kwamfutar a tawul ta rungume, ta ƙi ba Auta ta riƙe. Suka hau benen kasuwar masu gyara, wani dogon lungu mai ƙananan shaguna da warin dalma, kowa da tulin matattun injuna a bayansa. Mai gyaran da Auta ta sani mace ce, ba ta wuce sa'arta ba, mai ƙaramar murya. Ta gaishe da Goggo, ta ba ta kujera, ta fara kwance notuna tana jera su a murfin gwangwani. Goggo ba ta ɗauke ido daga hannunta ba. A kan wani noti matar ta tsaya, ta ɗaga shi wajen fitila.

"Mama, wannan ba nata ba ne. Goge shi aka yi da hannu har ya shiga. Wa ya taɓa buɗe ta?"

"Maigidana."

"Gyaran kwamfuta yake yi?"

"Agogo. Allah ya yi masa rasuwa."

"Allah ya jiƙansa. Shi ya sa ban ga ko ƙwarzane ɗaya a ciki ba."

"In kin gama, ki mayar da shi inda kika same shi."

"In sha Allahu, Mama."

Ta zare batirin a hankali, ya yi ciki kamar burodi, ta sa shi a bokitin yashi can gefe. Ta cire tsohuwar fankar ta sa wata. Ta kankare wani busasshen abu daga kan ƙwaƙwalwar injin, ta shafa sabo, fari kamar man goge baki, ta ce shi ke kwashe zafi, na da ya bushe tun tuni. Ta ce a dinga ajiye ta a kan katako, a dinga share ramukan iska da buroshi, kuma tunda irin batirinta ya daina zuwa, sai dai a yi aiki da ita a jone da wutar lantarki. Sannan ta ce gaskiya dai injin ya tsufa, da za a samu sabo da ya fi.

"Ni ma na tsufa, 'yar nan," in ji Goggo, "ba a kuma canza ni ba."

Kwamfuta ta dawo gida lafiya sumul. Goggo ta kunna ta da safe ta kama aiki. Hantsi ya yi, shiru. Ta kai hannu gefen hagu, iska mai ɗan ɗumi kawai. Ta ci gaba. Ba ta farga ba sai da ta ga hasken taga ya koma ja. Ta yunƙura za ta tashi bayanta ya ƙi miƙewa, ƙafafunta sun kumbura, ba ta sa komai a ciki ba, kuma tun safe ba ta yi magana da kowa ba sai "ajiye a nan" da "dawo gobe". Aikin kwana uku ta gama a yini ɗaya, ta rasa wanda za ta gaya wa.

Auta ta kira ta a waya. "Umma, yaya mai jiki?"

"Ta warke. Ko tari ba ta yi."

"To me ya sa kike magana kamar wadda aka yi wa sata?"

Goggo ta ce, "Ban san shiru yana da nauyi haka ba, Auta."

Haka ta yi watanni, aiki na sauri, ita tana ramewa. Sai aka zo faɗaɗa babban titi, aka rushe rumfunan da ke bakin kwalejin. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai wata mata mai ɗinke kundaye da yi musu bango, wadda ɗalibai ke kira Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa. Ta zo har shago da injin huda takarda a ka, ta sauke, ta gaisa, ta ce ta ji an ce akwai wuri a nan, ko kusurwa ce a taimaka mata. Goggo ta ce ta ba ta lokaci ta yi tunani. Ta yi kwanaki tana juya maganar. Rannan da safe ta kwashe kayan Malam da hannunta, ta goge akwatin gilashin, ta kai shi ɗakinta ta ajiye a kan durowa, sannan ta aika a kira matar.

Rediyo ta cika ɗakin da warin gam da surutu. Ƙatuwa ce mai dariya da dukan jiki, ta san wanda ya faɗi jarrabawa da wanda ke neman wa a duk kwalejin. Sukan yi faɗa a kan ƙofa, ita tana so a buɗe, Goggo na cewa ƙura. Sukan yi faɗa a kan almakashi. Ba ta barin Goggo ta yi dogon zama, ko ta ce ta zo ta riƙe mata bakin takarda, ko ta ce ta taso ta ga wani abin mamaki a titi, wanda sau da yawa ba komai ba ne. Goggo takan ce wa Auta matar nan za ta kashe ta da magana, amma Auta ta lura kumatun uwarta sun fara dawowa.

Yanzu ido ya fara gajiya, da safe kawai Goggo take karɓar aiki, in rana ta take sai ta huta. Kwanan baya Rediyo na haɗa wani kundi sai ta tsaya a shafin godiya ta fara karantawa da ƙarfi. Ɗalibin ya gode wa iyayensa da malamansa, ya gode wa mai gidan hayarsa saboda haƙuri, ya gode wa mai wankinsa, sannan ya gode wa wata da ta ƙi shi a shekarar farko, wai ita ce ta sa ya mayar da hankali ga karatu.

"Ƙarya kike yi," in ji Goggo. "Ni na buga shi, ban ga wannan ba."

"Yatsunki suka buga, ke kina can kina min faɗa a kan almakashi. Ga shi nan, karanta."

Goggo ta karɓa ta karanta, ta fashe da dariya har sai da ta cire tabarau tana share ido da bakin mayafi. Suna cikin haka sai ga mai kundin ya yi sallama. Su biyun suka haɗiye dariya suka gyara fuska. Rediyo ta miƙa masa aikinsa da hannu biyu, Goggo kuma ta ce masa, "Allah ya sa albarka, ɗana. Shafin godiyar nan kam ka yi adalci, ba ka bar kowa ba."